Mai Sa Wa Gwani Kuɗi

A watan Disamba na 2023, ƙungiyar Los Angeles Dodgers ta Amurka ta rattaba hannu a kan biyan wani ɗan Japan, Shohei Ohtani, dala miliyan 700 don ya yi mata wasan besbol na shekara goma. Shekara na zagayowa sai New York Mets ta ɗara, ta ba Juan Soto dala miliyan 765 na shekara 15. Besbol ba wasanmu ba ne. Wani ne ke wurgo ƙwallo da iya ƙarfinsa, wani ya tare ta da kulki ya maka ta nesa, ya ruga ya zagayo kafin a dawo da ita, kuma da wuya ka sami wanda ya taɓa zama ya kalle shi daga farko har ƙarshe a Makarfi ko Hunkuyi. Amma gardamar da waɗannan kuɗi suka tayar a can ba baƙuwa ba ce a nan. Ita ake yi a gidajen kallon ƙwallo duk sanda aka sayi ɗan wasa da tsada, ita kuma ake yi a bakin kasuwa idan labari ya bazu cewa an ɗauko wani babban ɗan dambe daga Kano ko Abuja, an ba shi abin da ya fi na 'yan dambe da yawa a haɗe. Wani ya ce ɓarnar dukiya ce. Wani ya ce araha ba ta ado.

Masu gardamar nan idan sun gaji kowa kama gabansa yake yi, ba wanda ya yi asarar ko sisi. Akwai kuwa mutumin da amsa wannan tambaya ita ce sana'arsa, kuma da aljihunsa yake amsa ta, wato mai shirya dambe. Ba ya ɗaure hannu, ba a yi masa kirari, makaɗa ba sa tashin takensa. Aikinsa ya dubi mutum ya ce wannan ya kai kaza, wancan bai kai ba, sannan ya ciro kuɗin ya biya tun ba a sayar da tikiti ko ɗaya ba. Na daɗe ina ganin wannan gwaninta ce da ba a ba ta haƙƙinta ba, domin abin da manyan ƙungiyoyin duniya ke ɗaukar ma'aikata da kwamfutoci su lissafa musu, shi da idonsa da kunnensa da ɗan littafin aljihu yake yin sa.

Ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan ƙasar noma ce, dambe kuma kuɗin noma yake bi. Tun asali haka yake. Mahauta ne suka riƙe shi, suna bin garuruwa da kaka, lokacin da rumbu ya cika, ana bukukuwa, ana yanka. Yau ma sai masara da dawa da waken suya sun shigo gida, barkono ya bushe, an fara saran rake a fadamun Makarfi da Kudan ana loda wa motoci, kaskon mazarƙwaila ya hau wuta, sannan saurayi ke da rarar da zai biya kuɗin ƙofa, har ya ware na yi wa gwaninsa liƙi. Saboda haka mai shirya dambe daga gona yake fara lissafinsa. Ya san shekarar da tumatir ya yi kuɗi a Ikara da shekarar da ya zube har kwando ya fi abin da ke cikinsa daraja. Ya san idan tsadar taki ta cinye ribar masara, mutum zai zo bakin fili ya tsaya a waje yana sauraren kalangu, ba zai shiga ba. Ɗan damben da ya cancanci kuɗinsa bana yana iya zama bai kai rabinsu ba baɗi, alhali hannunsa na nan yadda yake. Aljihun 'yan kallo ne ya canza.

Kafin a kai ga maganar gwani, akwai kashe-kashen da ba makawa: neman izinin hukuma da gaisuwar masu gari, kewaye fili, haya ta lasifika da janareta, makaɗa da maroƙansu, masu tsaron ƙofa, masauki da abincin baƙi, kuɗin motar zuwa da na komawa. Duk waɗannan kusan sanannu ne, ko yaro ya iya tara su. Hanyar shigar kuɗi kuwa ƙofa ce, sai ɗan abin da wani mai hali ya taimaka da shi. Abu guda ne a tsakani da ba shi da tsayayyen farashi, shi ne kuma ya fi kowanne nauyi: nawa za a ba babban suna.

Abin da ya fara bambanta gwanin wannan sana'a da ɗan koyo shi ne ya san ƙarfi daban, farin jini daban. Akwai ɗan damben da ba a iya kayar da shi, amma kallonsa ba daɗi. Yana tsare gida, yana jira, ya kai naushi ɗaya ya ja baya, a tashi turmi uku babu kisa. Akwai kuma wanda ana kashe shi yana kashewa, amma da an tashi takensa fili ya ɗauka, domin kowa ya san ba zai fita ba sai wani ya kai ƙasa. Na biyun ne ke sa mutum ya tayar da babur daga Paki ko Gubuchi ko Likoro da la'asar, ya ɗauko abokinsa, ya biya wa kansa ya biya masa. Mai shirya dambe wannan tafiyar babur yake saye. Tambayar da yake wa kansa ba wane ne ya fi kowa ƙarfi a ƙasar Hausa ba ce. Tambayarsa, idan na sa wannan suna a bakin mai shela, mutum nawa za su shigo waɗanda da ba su zo ba? Ya ninka su da kuɗin ƙofa, ya ninka da kwanakin wasa. Abin da ya fito shi ne iyakar da ba zai tsallake ba, kowa kuwa ya roƙe shi.

Da wannan ma'auni kuɗin Ohtani ba hauka ba ne. Mutumin yana yin aiki biyu da aka saba raba wa mutum biyu, yana wurgi yana duka. A 2024 ya maka ƙwallo waje sau 54, Dodgers ta ci kofi a shekarar, ta sake ci a 2025. Amma ko kafin kofi, ƙasa guda ya janyo musu. Kamfanonin Japan suka yi layi suna sayen wurin talla a filin Dodgers, mutanen Japan suna tashi da safe suna kallon wasan da ake yi da dare a Amurka, har ƙungiyar ta je Tokyo ta buɗe kakar 2025. Ga kuma yadda aka tsara biyan: dala miliyan biyu kawai yake karɓa a shekara, sauran miliyan 680 sai daga 2034 zuwa 2043. Duk mai shirya dambe da ka ba wannan labari zai gane shi nan take, domin shi ma ya san gwani na gaske ba cin kuɗin ƙanana yake yi ba. Shi ke kawo kuɗin da ake biyansu. Ranar da babu babban suna, ƙofa ba ta tara abin da zai ishi makaɗa ma.

Wannan ɓangaren lissafi ne, kuma mai hankali yana iya koyonsa. Inda gwanintar take zurfi shi ne a gane abin da ya rage a hannun gwani.

Suna yana daɗewa fiye da jiki. Har yau ana ambaton Shago da Ɗandunawa, ana sauraren waƙoƙin da Ɗan Anace ya yi, alhali filayen da suka yi dambe a ciki tuni wasu sun zama gidaje. Ɗan dambe yana iya wuce ganiyarsa da shekara biyu kafin jama'a su farga, domin kirarinsa bai canza ba, takensa bai canza ba, bidiyon kisan da ya yi a can baya yana ta yawo a wayoyi. Mai shirya dambe ba ya yarda bidiyo ya yi masa ciniki. Idan yana son mutum, yakan bi shi inda yake wasa, ko dandalin Ado Bayero da ke Sabon Garin Kano ne, ko gidan damben Ali Zuma da ke Dei-Dei, kuma ba kujerar manyan baƙi yake nema ba. Gefen da 'yan dambe ke shiri yake raɓawa. Yana kallon lokacin da ake naɗa wa gwani ƙyalle a hannu ana bi da zare ana ja. Ko ya yamutsa fuska sanda zaren ya bi ta kan wuyan hannu? Ko ya ce wa yaron da ke ɗaure masa ya sassauta a wani wuri? Yatsun da suka taɓa karyewa ba sa dunƙulewa daidai, kuma wanda ya san abin zai gani tun kafin a rufe su. Idan an shiga fili, jama'a hannu suke kallo, shi ƙafa yake kallo. Ɗan damben da ke kan ganiyarsa a kan yatsun ƙafa yake, yana shiga yana fita. Wanda ya fara gajiya yakan dasa diddige, ya jira a zo masa. Yana kallon ƙirji a turmi na uku, ko numfashi ya dawo a ɗan hutun da aka yi ko har yanzu baki a buɗe yake. Abin da ya fi duka wuyar gani shi ne abin da mugun kisa ke bari a zuciya. Mutumin da aka taɓa shimfiɗewa har aka zuba masa ruwa, wani yakan dawo kamar ba a yi ba, wani kuma daga ranar idonsa ke ƙiftawa kafin naushi ya iso, kansa ya riƙa kaucewa tun abokin karawa bai motsa ba. Rabin daƙiƙa ne. A cikin cikakken fili mai yiwuwa mutum biyu ko uku ne za su lura, kuma ɗayansu shi ne wanda zai biya kuɗi.

Mutanen wannan yanki sun san irin wannan ido, domin shi ne na mai sayen rake a tsaye. Manomi zai kai shi bakin gona, inda rake ya sha rana da iska ya yi kauri, gaɓoɓinsa dogaye. Ɗan koyo a nan yake yanke kuɗi. Wanda ya ƙware sai ya naɗe ƙafar wando ya kutsa tsakiya, inda ganye ke yankar fuska, ya ga ko raken can ya kwanta, ko gara ta shiga gindinsa, ko tsutsa ta huda shi. Ya karya ɗaya ya duba cikinsa ko ya yi ja, ya tauna ya ji zaƙi. Ya tambayi ko sabon dashe ne ko gyauron saran bara, domin gyauro yana iya yin kyau a ido amma ba ya cika mota yadda sabo ke cikawa. Ba ya biyan kuɗin abin da gonar ta bayar bara, komai yawan labarin da aka ba shi a kanta. Abin da zai sara ya loda yake biya.

A nan manyan ƙungiyoyin besbol suka fi faɗawa rami, kuma da dalili. A dokarsu ɗan wasa sai ya yi shekara shida a babban rukuni kafin ya sami 'yancin sayar da kansa ga wanda ya fi tayi. Kafin lokacin yawancinsu sun doshi shekara talatin, wato mafi kyawun shekarunsu sun tafi a kan albashi mai sauƙi, babban kuɗi kuma yana zuwa daidai sanda jiki ya fara juyawa. Albert Pujols ya yi shekara 11 a St. Louis Cardinals, sau uku ana zaɓensa gwarzon rukuninsu, ya ci kofi biyu. A Disamba na 2011 Los Angeles Angels ta ba shi dala miliyan 240 na shekara goma, yana gab da cika 32. Ciwon ƙafa ya sa shi gaba, wasansa ya riƙa raguwa shekara bayan shekara. Sau ɗaya ƙungiyar ta kai zagayen neman kofi a zamansa, a 2014, ba ta kuma ci wasa ko ɗaya a ciki ba. A watan Mayu na 2021 suka sallame shi, suna ci gaba da biyansa ragowar kuɗinsa. Pujols bai cuci kowa ba, babban ɗan wasa ne, kuma ya yi iya yinsa. Masu sayen ne suka biya kuɗin shekarun da ya riga ya yi wa wasu.

Mai shirya dambe ba ya ɗaure kansa haka. Cinikinsa na kwanaki ne, kuma a gutsuttsure yake biya. Akwai kafin alƙalami da kuɗin mota, don gwani ya taso. Akwai abin da zai karɓa idan ya shiga fili ya yi wasan da aka yi alkawari. Sauran sai ranar sallama. Sau da yawa ba da ɗan damben ake maganar ba, da ubangidansa ake yi, kuma cinikin yana da ladabinsa. Za ka ji an daɗe ana gaisuwa, ana tambayar iyali da gajiya, kafin a zo kan batu.

"Maigida, yaron nan naka muke so ya zo mana."

"To, Alhaji, ka dai san yanzu ba kamar bara ba ne. Ka ga abin da ya yi a Kano."

"Na gani, ranka ya daɗe, Allah ya ƙara masa nasara. Na kuma ga yadda ya riƙe kafaɗa bayan turmi na biyu."

Daga nan sai a ɗan yi shiru. Ubangidan ya gane da wanda ya je ya gani da idonsa yake magana. Zai ce albarka sau ɗaya ko sau biyu don mutuncin yaronsa, a ƙara ɗan wani abu, a sallama. Mai shirya damben bai faɗi maganar kafaɗar nan a bainar jama'a ba, ba kuma zai faɗa ba, domin idan ya karya darajar gwani a kasuwa ya karya abin da shi kansa zai sayar. Wannan riƙon sirri yana cikin abin da ke sa manyan 'yan dambe su amsa kiransa su ƙi na wanda ya fi shi tayi.

Ko an sami gwani a kan ganiyarsa da kuɗin da ya dace, saura haɗi. Gwani shi kaɗai ba ya cika fili, sai an ce ga wanda zai kara da shi, kuma jama'a sun yarda abin zai iya juyewa kowane gefe. 'Yan dambe suna da ɓangarori, Kudu da Arewa da Guramada, kuma suna da gidaje, shi ya sa kake jin Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane, Garkuwan wane. Mai haɗi dole ya riƙe wannan sarƙa duka a kansa: wa ya taso a hannun wa, wa ba zai taɓa ɗaga wa wa hannu ba saboda gidansu ɗaya, wa ke bin wa bashin kisa tun shekarar da ta wuce. Ya san wanda bahago ke rikita shi. Ya san dogon da ba ya son gajere mai shigowa ƙarƙashinsa. Ya kuma san hatsarin da ya fi kowanne cin kuɗi, wato ka haɗa manya biyu masu tsada da ke jin tsoron zubar da suna, su yi ta zagaya juna suna auna hannu har turmi uku su ƙare ba wanda ya kai naushin kirki. Jama'a ba sa mantawa da irin wannan yamma, washegari ƙofa za ta gaya maka. Shi ya sa wani lokaci ya fi son ya haɗa babban suna da matashi mai yunwa wanda ba shi da abin da zai rasa. Ba ya kuma fitar da babban wasa a ranar farko. Yakan bar gwani ya fito ya zaga fili, a yi masa kiɗa, ya yi kirari, ya kara da matsakaici, labari ya koma ƙauyuka cewa da gaske ya zo, sannan a sa ranar da kowa ke jira a ƙarshe.

Ko a ƙwallon ƙafa haɗi ne ke fitar da kuɗin gwani ko ya binne su. Ahmed Musa ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya wuce VVV-Venlo ta Holan, ya je CSKA Moscow ya ci gasar Rasha sau uku. A 2016 Leicester ta Ingila ta saye shi a kan kusan fam miliyan 16, ƙwallo biyu ya ci mata a gasar Firimiya. Wanda bai san shi ba sai ya ce ya ƙare. A farkon 2018 ya koma CSKA aro, a watan Yuni na shekarar kuma ya zura wa Iceland biyu a gasar cin kofin duniya, duk Najeriya ta tashi tsaye. Ƙafar nan dai ita ce, wurin da aka ajiye ta ne bai karɓe ta ba. Haka Soto, a shekararsa ta farko a Mets ya maka ƙwallo waje sau 43, ya yi abin da aka saye shi dominsa, amma ƙungiyar ba ta ko kai zagayen neman kofi ba a 2025. A besbol mutum tara ne ke karɓa-karɓar duka, gwani sai layi ya zagayo kansa, sauran takwas ɗin kuma ba kuɗinsa ne zai doka musu ba.

Ni dai ina tare da masu cewa gwani ya ci kuɗinsa, kuma ba na jin nauyin faɗa. Ɗan dambe da lafiyarsa yake ciniki. Shekarun da hannunsa ke da kasuwa kaɗan ne, ba fansho, ba inshora, kuma akwai waɗanda suka tashi daga sana'ar da haƙora a zube, ido ɗaya ba ya gani sosai, hannu ba ya riƙe fartanya. Idan sunansa ne ya cika fili, hana shi rabonsa zalunci ne, ko da rabon ya yi yawa a idon wanda ke zaune a inuwa. Inda nake ganin laifi shi ne a biya babba har a rasa abin sallamar ƙanana, yaron da ya sha naushi tun la'asar ya kwana a tasha ba kuɗin mota. A nan ake gane mai shirya dambe na ƙwarai. Daren rufe wasa, idan an zube kuɗin ƙofa a tabarma ana warewa, daga ƙasa yake farawa: ƙananan 'yan dambe, masu ƙofa, makaɗa, wanda ya ji rauni a ƙara masa na magani. Nasa ne na ƙarshe, kuma akwai shekarar da ba ya samun komai. Yana yin haka don tsoron Allah, yana kuma yi don ya san duniyar dambe ƙarama ce. Wanda ya hana yaro kuɗin mota a Ikara, kafin mako ya zagayo an ji a Zariya da Kano da Gusau, kuma baɗi ko ya ninka tayi ba mai zuwa.

Zamani ya ƙara masa abin dubawa. Tashar Dambe Warriors a YouTube da kamfani irin African Warriors Fighting Championship sun kai wasan gaban mutanen da ba su taɓa taka ƙasar Hausa ba, kuma gasar da ake sa mota a matsayin kyauta ta ɗaga abin da manyan suna ke sa rai. Sunaye irin su Ebola da Ali Ƙanin Bello da Dogo Mai Takwasara sun shiga wayar yaran da ba su taɓa biyan kuɗin ƙofa ba. Wannan ya sa farashi ya hau, ya kuma sa ruɗi ya ƙaru, domin yawan masu kallon bidiyo a Legas ko Landan ba ya nufin mutumin Kudan zai bar ban-ruwan tumatirinsa ya zo. Mai gwaninta yana duba wayar, ba ya raina ta, amma yana tambayar masu acaɓa da masu shayi da mahautan kasuwa sunan wa ke bakin mutane a wannan mako, a wannan gari.

Ribarsa ta gaske kuwa sau da yawa ba daga babban suna take fitowa ba. A 2002 ƙungiyar besbol ta Oakland, ƙarƙashin Billy Beane, ta ci wasa 103, daidai da New York Yankees, da kusan kashi ɗaya cikin uku na albashin da Yankees ke biya, saboda ta nemo 'yan wasan da kasuwa ta raina. Mai shirya dambe tun kafin a rubuta wannan a littafi yake yin sa. A wasannin share fage, sanda rana ba ta yi sanyi ba, manyan baƙi ba su iso ba, shi yana zaune yana kallon yaran da ba wanda ya san sunansu. Wani ɗan mahauci daga wani ƙauyen Makarfi, siriri, ba shi da kirari, ba shi da makaɗi, amma idan an kai masa naushi ba ya rufe ido, kuma yana dawowa da nasa kafin hannun wancan ya koma. Sai ya sa a kira shi bayan an tashi, ya tambaye shi ɗan gidan wa ne, ya ba shi ɗan abin da ya fi na sa'o'insa, ya ce gobe ma ya zo. Ya riƙa haɗa shi a hankali, ba ya jefa shi ga wanda zai karya shi, ba ya kuma ba shi wanda ba zai koya masa komai ba. Ranar da yaron ya kayar da wani mai suna a gaban mutanen garinsu, an sami gwanin gida, wanda zai cika fili ba tare da kuɗin mota daga Abuja ba.

Shekara biyu ko uku yake cin wannan arahar. Daga nan yaro ya yi suna, ya tafi Kano, ya tafi Dei-Dei, ya sami ubangida da makaɗi da masu ɗaukarsa a waya. Wata kaka sai mai shirya damben ya kira, a gaya masa kuɗin da ya ninka na da sau da yawa, a kuma tuna masa cewa ai yaronsa ne. Yakan yi murna har zuciyarsa, ya sa albarka. Sannan ya shiga mota ya je inda yaron ke wasa, ya raɓa gefen da ake ɗaure hannu, ya kalli zare, ya kalli diddige, ya kalli ƙirji a turmi na uku, ya dawo gida ya tambayi yadda rake ya yi kuɗi bana. Idan lissafi ya fita ya biya ba tare da ya nemi ragi don tsohuwar alaƙa ba. Idan bai fita ba ya kira ubangidan ya ce, "Maigida, a gaishe min da shi, bana ba zan iya ba, sai Allah ya kai mu baɗi," ya koma kujerarsa ta share fage da wuri, tun ana yayyafa wa fili ruwa.